Ina Za A Sauka? Shawara Ga Mai Niyyar Gajeren Hutu A Bakin Tekun Ghana

Hutun ma'aikaci ba shi da tsawo, aljihunsa kuma ba shi da zurfi. Malamin makaranta ko akawun ofis wanda ya shekara yana tsimi domin ya kai iyalinsa su ga teku da idonsu, in ya yi sa'a ƙwarai, kwana huɗu ko biyar zai samu a can, ban da na hanya. To, a irin wannan gajeriyar tafiya babu abin da ya ke gyara ta ko ya ɓata ta kamar masauki. Wanda ya sauka inda bai kamata ba, rabin hutunsa a cikin mota zai ƙare, ya komo gida da gajiya da bashi, yara kuwa ba su ga kome ba sai ƙeyar direba.

Domin kada maganar ta tafi a iska, mun ɗauki yanki guda mu yi misali da shi, watau gaɓar ƙasar Ghana daga Akra zuwa Elmina. Bisa yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, ɗan Nijeriya yana shiga Ghana ba sai da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana riƙe da fasfo da katin allurar shawara. Sa'an nan ƙasa ce wadda kakanninmu suka sani tun zamanin fataucin goro na Gwanja, har yau kuwa da wuya mutum ya shiga babban gari a cikinta ya rasa mai gaishe shi da Hausa.

Abin da mu ke ba da shawara shi ne a kama masauki guda ɗaya tak, a zauna cikinsa har hutun ya ƙare, ya kasance kuwa a garin Kefkwas ne ko tsakaninsa da Elmina. Kefkwas ɗin nan shi ne za a ga an rubuta Cape Coast a jikin motoci, mutanen garin, watau Fante, su kuma Oguwa su ke ce masa.

Lissafin kwanaki

Mutane da yawa da kuɗi su ke fara lissafi. Mu a ganinmu da dare ya kamata a fara. Daga Ikko zuwa Akra ta mota ya fi kilomita 450, ana ƙetare iyaka uku, ta Benin da ta Togo da ta Ghana, kowace da tata tsayawar, saboda haka a ɗauka yini guda ya tafi, wani lokaci har da wani yanki na dare. Jirgin sama kimanin sa'a ɗaya ya ke yi, ga mai hali. Daga Akra zuwa Kefkwas kuma kusan kilomita 150 ne, tafiyar sa'a uku in hanya ta yi kyau. Ashe mai kwana huɗu a Ghana, yini uku cikakku ke gare shi, ba huɗu ba.

Sauya masauki kuwa ba ƙaramin ɓarnar lokaci ba ne. Yawancin otal da tsakar rana su ke so baƙo ya bar ɗaki, sabon wurin kuma ba lalle ne a ba shi mabuɗi ba sai bayan azahar. A haɗa da ɗaurin kaya, da neman takalmin yaro, da cinikin mota, sai a ga rabin yini ya salwanta. Wanda ya sauya masauki sau biyu cikin yini uku ya ba da sulusin hutunsa sadaka ga hanya.

Akwai masu cewa, ai gara a sauka a Akra, tun da can ne babban birni, can ne 'yan'uwa su ke a Nima da Sabon Zango, a riƙa fita da safe ana komowa da dare. Wannan dabara a takarda kaɗai ta ke da kyau. Hanyar yamma daga Akra ta cikin Kasowa ta ke bi, garin da ya samo sunansa daga kalmarmu ta kasuwa, ya kuma yi suna wajen cunkoson motoci safe da yamma. Mutum ya taso daga tashar Kaneshi da hantsi, ya isa Kefkwas rana ta take, ya duba gini ɗaya a gurguje, ya juyo yana fargabar dare. Sa'a shida ko bakwai a zaune domin kallon sa'a biyu, wannan ba hutu ba ne.

Haka kuma akwai masu kwaɗayin ƙarawa gaba, su wuce Takoradi su ga Busuwa da Aksim, har da ƙauyen Nzulezo wanda aka gina bisa ruwa kusa da iyakar Kodebuwa. Wurare ne masu kyau, ba mu musa ba. Amma ba a tauna taura biyu. A bar su sai wata shekara.

Abin da ya sa muka ce Kefkwas

Dalilin bai wuce taswira ba. Duk abin da baƙo ya zo gani yana kewaye da garin. Elmina tana yamma, kilomita 13 kacal, tasin haɗaka suna kai da kawowa tsakaninsu yini zubur. Gandun dajin Kakum yana arewa, kimanin kilomita 30. Asin Manso, inda a ke nuna rafin da aka ce nan bayi su ke wankan ƙarshe kafin a gangara da su bakin teku, yana kan hanyar Kumasi, kimanin kilomita 40. Anomabo da tsohon gidan yaƙinta tana gabas, tafiyar rabin sa'a. Kowanne ana iya zuwa a komo kafin la'asar, a kwana bisa gadon jiya.

Garin kansa ba abin rainawa ba ne. Shi ne hedkwatar mulkin Ingilishi a Gwalkwas har 1877, sa'ad da aka mai da ita Akra. Babban gidan dutsen da ke bakin ruwa, mutanen Suwidin suka fara kafa shi a 1653, Ingilishi suka ƙwace a 1664. Na Elmina ya girme shi nesa: Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, mutanen Holan suka ci shi da yaƙi a 1637, ya koma hannun Ingilishi a 1872. A cikinsa aka tsare Sarkin Asante, Firempe na Ɗaya, a 1896, kafin a kai shi Saliyo, daga can kuma tsibirin Seshel. Tun 1979 UNESCO ta sa gidajen nan biyu cikin kayan tarihin duniya. Malamai kuwa za su so su sani, Kefkwas garin makarantu ne. Wesley ta 'yan mata tun 1836 ta ke, Mfantsipim, inda Kofi Annan ya yi karatu, tun 1876, Adisadel tun 1910, jami'ar garin kuma a 1962 aka buɗe ta musamman domin horad da malamai.

Sai dai a sani, shiga gidajen dutsen nan ba yawon shan iska ba ne. Ana sauka da mutum cikin kurkukun ƙarƙashin ƙasa inda aka cusa ɗaruruwan 'yan Adam cikin duhu, a nuna masa ƙofar da aka fitar da su zuwa jirgi, wadda ba wanda ya komo ta cikinta. Daga cikinsu akwai waɗanda aka gangaro da su daga arewa ta kasuwar Salaga, hanyar nan dai ta fataken goro. Wanda ya fito daga wurin ba ya bukatar doguwar mota ko kiɗan mashaya. Ɗaki ya ke so kusa, mai shiru, inda zai zauna ya ba yaransa amsar abin da za su tambaye shi.

Cikin gari, ko bakin ruwa?

Nan ne zaɓin ya ke da wuya, nan ne kuma hoto ya ke yaudarar mutane.

Masaukan yankin iri uku ne. Na fari su ne ƙananan gidajen baƙi na cikin garin Kefkwas, a kan tuddai da lunguna. Sun fi araha, ana taka ƙafa a je kasuwa da tasha da gidan dutse, abinci kuma ba ya wuya ko da dare. Aibinsu hayaniya. Daren Juma'a da na Asabar akwai kiɗan mashaya, ran Asabar akwai bikin jana'iza da lasifika, don mutanen ƙasar ba su yi wa mamaci ƙaramin taro, ran Lahadi kuma majami'u tun da sassafe. Saboda haka ba kyan ɗaki kaɗai za a duba ba, a tambayi abin da ke maƙwabtaka da shi.

Na biyu su ne na cikin Elmina. Babu shakka Elmina ta fi Kefkwas ban sha'awa ga ido. Mutum ya tsaya bisa gadar tafkin Benya da safe, ya ga kwale-kwalen masunta fal, an yi musu fenti launi-launi, kowanne da tutocinsa, ga gidan dutse fari fat a gefe, ga wani kuma bisa tudu yana kallonsa, wannan kallo ne da ba a mantawa. Amma garin masunta ne, tun kafin asuba ya ke tashi, ƙaurin kifin banda kuma ba ya barin iska. Wanda ya saba ba ya ji. Baƙon kwana uku yana ji. Mu dai mun fi son a je Elmina da sassafe a yini, a kwana wani wuri. A kuma lura, ran Talata masuntan gaɓar nan ba su shiga teku, al'ada ce tun ta kaka da kakanni. Mai son ganin ana sauke kifi kada ya sa Elmina ran Talata. Mai son ganin jiragen duka a ɗaure wuri ɗaya, ranar ce tasa.

Na uku su ne na bakin rairayi, waɗanda hotunansu suka cika intanet: bukka, da itatuwan kwakwa, da rana tana faɗawa. Waɗansu suna kan hanyar da ta haɗa garuruwan biyu, waɗansu suna can yamma da Elmina wajen Birenu da Ampenyi, waɗansu wajen Anomabo. Suna da shiru da iska mai daɗi, rairayinsu kuma ya fi na cikin gari tsabta. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne nisan wurin da titi. In masauki yana ƙarshen hanyar ƙasa, duk fita sai an yi shatar mota, duk cin abinci kuma sai a ɗakin cin abincinsu, bisa farashinsu, don babu mai koko a ƙofar gida. Ɗakin da ya yi kamar mai sauƙi, in aka tara masa kuɗin shata da na abinci sau uku na mutum biyar, ya kan ninka na cikin gari. Ban da wannan, iskar gishiri ba ta barin ƙarfe lafiya. Fanka, da famfo, da makulli, da na'urar sanyaya ɗaki, duk tsatsa ta ke ci, katifa kuma ta kan yi danshi in ba a kula. Ginin da aka ɗauki hotonsa yana sabo, bayan damina uku wani abu ne dabam.

To, wanne za a ɗauka? Mai iyali da ƙananan yara, wanda kuɗinsa ƙidayayye ne, ya nemi gidan baƙi mai tsabta a gefen Kefkwas, ba tsakiyar kasuwa ba, inda tasi ke wucewa ta ƙofa, ya ware yini guda ya kai yara bakin rairayi. Ango da amarya, ko dattijon da hutawa kaɗai ta kawo shi, su sauka bakin ruwa a kan hanyar Elmina, inda a ke jin teku da dare amma titi yana kusa. Can ƙauyukan yamma kuwa sai mai motar kansa.

Akwai wani abu kuma da ya sa kusa da gari ya fi. Kadarkon igiya na Kakum, wanda aka buɗe a 1995, guda bakwai ne a jere, tsawonsu kimanin mita 350, suna rataye a ƙoƙuwar itatuwa mita 30 ko fiye daga ƙasa. Da sassafe a ke jin daɗinsa, kafin rana ta yi zafi, kafin motocin 'yan makaranta su iso. Hanyarsa daga Kefkwas ta ke tashi. Wanda ya kwana can yamma da Elmina ya ƙara wa kansa tafiya tun bai fara ba.

Zancen Zango

Wani zai ce, ina ruwan Bahaushe da otal a ƙasar da ke da Zango? Gaskiya ne, al'adar ta daɗe. Falke ya kan sauka wurin maigidansa, a ba shi ɗaki da tuwo, maigida ya sami la'adarsa a cinikin. Hausawa kuwa ba baƙi ba ne a gaɓar nan. Tun 1872 Ingilishi suka kawo dakarun Hausa daga Ikko zuwa Elmina, suka yi yaƙin Asante na 1873 da 1874 da su, bayansu kuma fatake suka biyo, sa'ad da goro ya fara bin jirgin ruwa zuwa Ikko. Amma mai yawon hutu ba falke ba ne, ba shi da kayan da za a ci la'ada a kai. A ɗora wa talaka mutum biyar na kwana huɗu, ya fitar da 'ya'yansa daga ɗaki don kunya, wannan bai kyautu ba. Abin da ya dace, a kama ɗaki da kuɗi, sa'an nan a je Zango da tsaraba a yi gaisuwa.

Amfanin kusantar Zango kuwa a bakin cokali a ke ganinsa. Wajen kasuwar Kotokuraba akwai masallaci, akwai naman da mutum zai ci hankalinsa kwance, akwai koko da ƙosai da safe, wanda mutanen Ghana da kansu kokon Hausa su ke ce masa, ga shinkafa da wake, ga tuwon zafi. Amma kada a komo ba a ɗanɗana dokonon Fante da soyayyen kifi ba. A tafi da buta, don ba kowane ɗaki a ke samunta ba. Agogon Ghana yana bayan namu da sa'a ɗaya. Alƙibla kuwa ba ta da wuyar ganewa a yankin nan: mutum ya sa teku a damansa, ya fuskanci wajen Akra, ya yi kusa da daidai.

Wata da wata

Ba kowane wata ne ɗaki ke samuwa ba. Ruwan sama ya fi ƙarfi a Mayu da Yuni, akwai kuma ƙaramar damina wajen Oktoba. Agusta, wanda ya yi daidai da dogon hutun makarantunmu, yana da sanyi-sanyi da lumshi, ruwa kaɗan, sai dai teku ta kan yi fushi. Talatar farko ta Yuli Elmina ke bikin Bakatuwe. Asabar ta farko ta Satumba Kefkwas ke bikin Fetu Afahye, gari ya cika maƙil. Ƙarshen Yuli zuwa 1 ga Agusta baƙaƙen Amurka da na Karibiyan su kan zo tunawa da 'yanta bayi, ga kuma bikin PANAFEST da a ke yi shekara biyu-biyu tun 1992. Disamba kuwa, tun Shekarar Komowa ta 2019, ta zama watan tsada. Har ranar yaye ɗalibai a jami'a ta kan cinye ɗakunan gari. Mai son biki ya kama ɗaki tun da sauran watanni. Mai son sauƙi ya kauce wa ranakun nan, ya kuma sa kwanakinsa tsakanin Litinin da Alhamis.

Kafin a biya

Kada a biya don hoto. A buga waya a ji muryar mutum, a ce ya aiko da hoton ɗakin da za a ba ka, na yau, har da makewayi. A tambaya ko suna da tankin ruwa da janareta, kuma janaretan yana ɗaukar fanka har safe ko ana kashe shi da tsakar dare. A tambayi gidan sauro, ko waya a taga, don garuruwan nan biyu kowanne yana da tafki a jikinsa, Fosu a Kefkwas, Benya a Elmina. A tambaya ko kuɗin da aka faɗa har da haraji da karin kumallo, kuma na ɗaki ne ko na kai, don a nan rigima ta ke tashi ranar tafiya. Hukumar yawon buɗe ido ta Ghana tana ba masaukai lasin, wanda ya ke da shi ba ya jin nauyin a tambaye shi. In sun nemi kafin alƙalami, a ba da na dare ɗaya, a karɓi shaida a rubuce mai ɗauke da rana da farashi, sauran sai an ga ɗaki. In an isa kuma, kafin a sauke kaya, a buɗe famfo, a kunna fanka, a ɗaga zanen gado, a gwada sakata.

Tambaya ta ƙarshe ta fi duka nauyi ga mai yara: mene ne tsakanin ɗakin da ruwa? Tekun nan ba Kogin Kaduna ba ce, ba kuma Tiga ba ce. Igiyar ruwa ta kan doki gaɓa ta koma da ƙarfi ta ƙasa, ta zare rairayi daga ƙarƙashin ƙafar mutum, a waɗansu wurare kuma akwai magudanar da ke jan mai iyo zuwa ciki ko da gwani ne. Yawancin gaɓar babu mai tsaro. Ɗakin da ƙofarsa ke buɗewa kai tsaye bisa rairayi yana da daɗi ga manya, amma yaro ɗan shekara huɗu ya kan riga kowa tashi. A nemi wurin da ke da shinge da ƙofa mai rufuwa. In za a taɓa ruwa, a tambayi masunta inda ya ke da lafiya, kada a wuce gwiwa, kada kuma a juya wa teku baya.

Wuri ɗaya ne muka yarda a karya dokar masauki guda. In jirgin komowa ko motar Ikko da sassafe za ta tashi, kada a dogara ga hanyar Kasowa da asuba. A baro Kefkwas bayan azahar, a kwana daren ƙarshe a Akra kusa da tasha ko filin jirgin sama, a yi sayayyar tsaraba a kasuwar Makola in da sauran rana. Kuɗin wannan daren a ware shi tun daga gida, a sa shi a aljihu dabam.